Ƙiba da ciwon damuwa a wajen matasan Indiya: wanne ke jawo wanne?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina karatun kiwon lafiyar al'umma a nan Indiya, malamarmu ta ba ni aikin bincike a kan alaƙar ƙiba da ciwon damuwa a wajen yara 'yan shekara 13 zuwa 19. Abin ya ɗaure min kai, don a wajenmu in yarinya ta yi ƙiba cewa ake hankalinta a kwance yake. Da gaske akwai alaƙa? In akwai wanne ne yake jawo wani, kuma ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Eh akwai alaƙa, kuma kowanne yana iya jawo ɗan uwansa, yaro mai ƙiba ya fi saurin faɗawa ciwon damuwa, yaron da ciwon damuwa ya kama shi ma ya fi saurin yin ƙiba daga baya. Amma abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, a yawancin yaran nan ba kitsen da kansa ne yake karya musu zuciya ba, bakin mutane ne da kuma irin rayuwar da aka saka su a ciki, wadda ita ce take haifar da ƙibar da damuwar a lokaci guda. In kika gane wannan toh aikin naki zai yi ma'ana, in ba haka ba za ki auna kilo ki raba takarda ki fito da lamba kawai.

Bari mu fara da girman abin, don kar ki shiga da tunanin cewa yaran Indiya duk sun zama masu teɓa. Ƙidayar 2011 ta nuna 'yan shekara 10 zuwa 19 sun kai miliyan 253, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar. Babban binciken abinci mai gina jiki da ma'aikatar lafiyarsu ta yi tare da UNICEF daga 2016 zuwa 2018, wanda ake kira CNNS, ya samu kusan kashi 5 cikin 100 na waɗannan matasan ne nauyinsu ya wuce ƙa'ida, amma kusan kashi 24 ramammu ne. Kinga kenan a faɗin ƙasar rama ta fi ƙiba yawa nesa ba kusa ba. Sai dai ƙibar ta taru ne a wasu wurare, manyan birane, gidajen masu hali, makarantun kuɗi, jihohi irin su Delhi da Goa da Tamil Nadu, in kika je ƙauyukan Bihar ko Jharkhand kuwa labarin daban ne. Kuma gudun da take yi ne abin tsoro: wani nazari da ya fito a mujallar Lancet a 2024 ya ƙiyasta yaran Indiya 'yan shekara 5 zuwa 19 masu ƙiba sosai sun kai miliyan 12.5 a 2022, alhali a 1990 ba su wuce dubu 400 ba. Maza miliyan 7.3, mata miliyan 5.2, ki lura mazan sun fi yawa, zan dawo kan wannan.

Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa kuma, cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta NIMHANS da ke Bengaluru ta jagoranci binciken ƙasa a 2015 zuwa 2016, aka samu kashi 7.3 na 'yan shekara 13 zuwa 17 suna da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ba ciwon damuwa kaɗai ba, duka-duka. A manyan birane kashi 13.5, a karkara kashi 6.9. Wato inda ƙibar ta taru nan ma matsalar ƙwaƙwalwar ta taru. Amma dan Allah kar ki rubuta cewa wannan hujja ce ɗaya ya jawo ɗaya, birni yana da abubuwa da yawa da suke taɓa yaro, haɗuwa a waje ɗaya ba shi ne sanadi ba.

Akwai wani abu da ya keɓanci jikin mutanen Indiya wanda in ba ki sani ba ma'auninki zai yaudare ki. Wani likitan ciwon suga a Pune, Chittaranjan Yajnik, shi da abokin aikinsa Baturen Landan John Yudkin sun taɓa saka hotonsu a Lancet a 2004, su biyun BMI ɗinsu, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsayi, ɗaya ne, 22.3, amma da aka auna kitsen jiki Baturen kashi 9.1 yake da shi, Yajnik kuma kashi 21.2. Binciken Yajnik a kan jariran ƙauyukan Pune ya nuna tun daga haihuwa haka suke, jariri ƙarami, tsoka kaɗan, amma kitse da saura musamman a ciki. Shi ya sa a Indiya babba in BMI ɗinsa ya kai 23 an fara cewa nauyi ya yi yawa, ba 25 ba kamar a Turai, kuma ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, IAP, ta fitar da nata jadawalin girma a 2015 da aka daidaita da jikin yaransu. Ma'anar wannan a aikinki: za ki ga yaro a ido ba wani mai ƙiba ba, hannuwa sirara, amma ga ɗan tumbi, ga bayan wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri kamar datti wanda ko an cuɗa ba ya fita, wannan baƙin alama ce insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ya fara daina aiki yadda ya kamata. CNNS ɗin nan ya samu kusan ɗaya cikin goma na yaran makaranta da matasa suna bakin shiga ciwon suga.

Yanzu wanne ke jawo wanne. Hujja mafi ƙarfi tana fitowa ne daga binciken da aka bi mutane shekara da shekaru, ba wanda aka yi rana ɗaya ba. A 2010 Luppino da abokan aikinta a Holan sun tattara irin waɗannan, suka ga mai ƙiba haɗarin ya kamu da ciwon damuwa nan gaba ya ƙaru da kashi 55, mai ciwon damuwa kuma haɗarin ya yi ƙiba ya ƙaru da kashi 58. A 2016 Mannan da abokansa suka yi irinsa a kan matasa zalla, matashi mai damuwa haɗarin ƙiba ya ƙaru da kusan kashi 70, matashi mai ƙiba haɗarin damuwa ya ƙaru da kusan kashi 40, kuma abin ya fi ƙarfi a wajen mata. Matsalar ita ce yawancin yaran da aka bi ɗin 'yan Amurka ne da Turai. Abin da aka fi yi a Indiya shi ne a shiga makarantu a gari ɗaya, a auna tsayi da nauyi a raba takardar tambayoyi rana guda, shi ya sa sakamakon yake cin karo da juna, wani ya ce akwai alaƙa sosai wani ya ce bai ga komai ba. Irin wannan binciken hoto ne na rana ɗaya, ba zai taɓa gaya miki wanda ya riga zuwa ba. Naki ma inaga haka zai kasance saboda lokaci da kuɗi, ba laifi, ki dai faɗi gaskiyar iyakarsa.

Toh ta yaya ƙiba take kai yaro ga damuwa? A nan ne zan amsa abin da ya ɗaure miki kai, don su ma Indiyawan suna da irin tunaninmu. Jariri mai kumatu abin alfahari ne, kaka za ta yi ta ɗura masa madara da man shanu, faratha da man shanu a sama, laddu, jalebi, in ya ƙi ƙari a ce ba ya son girkin uwarsa, ciyarwa ita ce hanyar nuna ƙauna a gidajen. Yarinya ta taso a haka ana yaba mata, sai ta kai shekara 14 ko 15 gidan nan dai, mutanen nan dai, su juya. Gwaggo ta zo biki ta kalle ta ta ce wa zai aure ki a haka, uwa ta fara ɓoye mata kayan zaƙi a gaban ƙannenta, tela ya yi magana wajen awo, ga tallan neman aure a jaridu da intanet wanda har yau za ki ga an rubuta ana son siririya fara. A makaranta sunanta ya ɓace ya koma moti, wato mai ƙiba da harshen Hindi, namiji kuma motu, har malamin wasanni wani lokacin da shi ake dariyar. Abin da yake cin yaran shi ne ba su da wajen gudu, ɗan makaranta ya tsokane ki kin dawo gida nan ma ba a bar ki ba, kuma waɗanda suka ciyar da ke su ne suke ganin laifinki. Wallahi wannan juyin shi na fi ganin yana rusa yara, kuma iyayen ba mugunta suke nufi ba, a ganinsu zaburar da ita suke yi. Bincike da yawa ya nuna akasin haka ne yake faruwa, yaron da ake gorantawa a kan jikinsa ya fi ƙara nauyi a shekarun gaba, ya fi cin abinci a ɓoye, ya fi gudun filin wasa.

Akwai hujja mai kyau da take goyon bayan cewa kunyar ce babba. A 2019 Tyrrell da abokan aikinta sun yi amfani da bayanan ƙwayoyin gado na mutane masu ɗimbin yawa a Birtaniya. Akwai wasu ƙwayoyin gado da suke sa mutum ya yi ƙiba amma ba sa jawo masa suga ko hawan jini, wato ƙiba ce mara cutar jini. Sai aka ga masu irin wannan ƙibar su ma haɗarin ciwon damuwarsu ya hau. In da lalacewar cikin jiki ce kaɗai sanadi da su sun tsira, rashin tsirarsu yana nuna zama da babban jiki a cikin mutane shi kansa nauyi ne a zuciya. Manya ne kuma Turawa, amma darasin yana da amfani. Shi ya sa a bincike da dama yadda yaro yake ganin jikinsa ya fi lambar sikeli hasashen damuwa, za ki samu yarinya nauyinta daidai amma ta yarda ita ƙatuwa ce, tana cikin ƙunci fiye da wadda ta fi ta kilo goma amma gidansu ba a taɓa yi mata maganar ba.

Ba ina cewa jiki ba ya da hannu ba ne fa. Kitsen ciki yana fitar da sinadarai masu haddasa wani kumburi mara zafi da yake ci a hankali, kuma ana ganin alamun wannan kumburin a jinin wani kaso na masu ciwon damuwa. Yaro mai ƙiba da yake minshari yana iya zama numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ya tashi a gajiye, kai na ciwo, ba ya fahimtar karatu, ga saurin fushi, a ce masa malalaci. Ga 'yan mata kuma akwai PCOS, matsalar nan ta homon da take rikita al'ada ta kawo ƙuraje da gashi a haɓa da ƙarin nauyi, tana da yawa a 'yan matan biranen Indiya, kuma mata masu ita sun fi sauran yawan damuwa da fargaba. Ki yi tunanin yarinya 'yar 16 da gashi a fuska da ƙuraje da ƙiba, an kuma gaya mata wataƙila haihuwa ta yi mata wuya, a al'ummar da aure da haihuwa su ne ma'aunin mace. In za ki yi aiki da 'yan mata dole ki tambayi al'ada, in ba haka ba za ki jingina wa ƙiba abin da PCOS ya yi.

Ɗaya hanyar, daga damuwa zuwa ƙiba, ita mutane suka fi mantawa don an saba cewa mai baƙin ciki ramewa yake. Wasu suna ramewa ɗin, amma akwai nau'in da yake zuwa da yawan ci da yawan barci da jin jiki ya yi nauyi, kuma yana da yawa a matasa. Yaro ya daina sha'awar komai, kiriket ɗin da yake mutuwar so ya daina fita, ya kulle ɗaki, abu ɗaya da ya rage yana ba shi ɗan daɗi na minti goma shi ne zaƙi da maiƙo. Da can sai ya fita ya saya, yanzu kamfanonin kai abinci gida irin su Swiggy da Zomato za su kawo masa momo ko biriyani har ƙofa da ƙarfe ɗayan dare, ko ya dafa taliyar Maggi mai kama da indomi. Rashin barci yana rikita homon ɗin yunwa da na ƙoshi, damuwa mai tsawo tana ɗaga homon ɗin da ake kira kotisol, shi kuma kotisol a ciki yake tara kitse. Sannan magani, wasu magungunan ƙwaƙwalwa irin su olanzapine da mirtazapine da valproate suna ƙara nauyi sosai, wani yaron cikin 'yan watanni za ki ga ya canza, in ba a gaya wa iyaye tun farko ba sai su tsayar da maganin da kansu, ciwon ya dawo.

Amma inda gizo yake saƙar a Indiya, a ganina, shi ne abu na uku da yake haifar da su biyun tare, wato rayuwar jarrabawa. Ke da kike can kin gani da idonki. Tun daga aji tara yaro ya tashi da asuba, makaranta, daga nan lesin har dare, ya dawo ya yi aikin gida har sha biyu ko ɗaya. Lokacin wasanni a makaranta malamin lissafi ya karɓe. Masu neman likitanci suna rubuta jarrabawar NEET su sama da miliyan 2 a shekara, guraben karatun likita kuwa dubu 100 ne da 'yan kai, masu neman injiniya ga jarrabawar JEE. Garin Kota a Rajasthan ya zama kasuwar wannan lesin, yaro ɗan 15 ko 16 a kai shi ɗaki shi kaɗai a hostel, ba uwa ba uba, iyayen wasu bashi suka ci, ana yin gwaji a kai a kai ana jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Zama na awa goma sha, barcin awa biyar, shayi mai suga da samosa da biskit su ne abokan karatu, ba rana ba gumi ba aboki. Ki ɗauki kowane yaro lafiyayye ki saka shi a wannan na shekara biyu, zai iya fitowa da tumbi da ciwon damuwa ba tare da ɗaya ya jawo ɗayan ba. A 2023 ɗalibai sama da 20 suka kashe kansu a Kota kaɗai, kuma hukumar kididdigar laifuka ta ƙasar, NCRB, ta rubuta ɗalibai sama da dubu 13 da suka kashe kansu a faɗin Indiya a 2022. Ban ce ƙiba ce ta kashe su ba, ina nuna miki nauyin yanayin da za ki shiga ki yi tambaya ne.

Ki ƙara da waya, tun da kamfanin sadarwa na Jio ya karya farashin data a 2016 kusan kowane yaron birni yana da Instagram da YouTube a aljihu, yana kwatanta jikinsa da na 'yan fim da 'yan jim dare da rana. Ki ƙara da korona, makarantu a wasu jihohin sun yi kusan shekara biyu a rufe. Ki ƙara da hayaƙin Delhi na watan Nuwamba da ake hana yara fita waje. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya ya ce kusan kashi 74 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a Indiya ba sa samun motsa jikin awa ɗaya a rana.

Mace da namiji ba ɗaya ba ne a nan. Yarinya da ta fara al'ada a gidaje da yawa shikenan ta daina fita wasa, saboda kunya, saboda tsoron 'yan iska a hanya, filin unguwa kuma maza sun mamaye da kiriket. An hana ta motsi sannan ana mata gorin jiki. Namiji kuwa, duk da su suka fi yawa a lissafin ƙibar, ba kasafai ake gane damuwarsu ba don ba kuka suke yi ba, fushi ne, faɗa da iyaye, gem har asuba, faɗuwar maki. Abin da ya fi ci musu rai shi ne ƙirji in ya yi kamar na mata, za ki ga yaro yana saka riga biyu cikin zafin Mayu, ba ya yarda ya cire riga a gaban kowa. Kuma a duka biyun yaran ba sa zuwa su ce ina cikin damuwa, ciwon kai ne, ciwon ciki, kasala, ba na iya karatu.

Wannan kasalar ma a bi ta a hankali. Yaro mai ƙiba yana iya zama da ƙarancin jini a lokaci guda, CNNS ya samu kusan kashi 40 na 'yan mata matasa suna da ƙarancin jini, kusan kashi ɗaya cikin uku na matasan ba su da isasshen bitamin B12, abin da ba mamaki a ƙasar da mutane da yawa ba sa cin nama, kusan ɗaya cikin huɗu kuma bitamin D. Ga matsalar tayirod, wato ƙullutun nan na maƙogwaro mai fitar da homon. Duk waɗannan suna kawo gajiya da mutuwar jiki da za su ɗaga makin takardar tambayoyinki alhali wani abin ne daban. Kuma kar ki manta da ramammun, su ma ana tsokanarsu, su ma suna da damuwa, wasu har suna shan magungunan dexamethasone da cyproheptadine don su yi ƙiba, irin dai sha-ka-fashe ɗin da 'yan matanmu suke sha a gida. Dexamethasone ɗin nan bayan kumbura fuska da ciki da jawo suga, yana taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, rashin barci, fushi, baƙin ciki. In kika haɗa ramammu da masu matsakaicin jiki a rukuni ɗaya kika kwatanta da masu ƙiba, za ki iya ɓatar da alaƙar gaba ɗaya, ki raba su uku ko huɗu.

Me yake aiki? Gwamnati ta fi karkata ga abincin. Kerala ta saka harajin kashi 14.5 a kan baga da fiza a manyan gidajen abinci a 2016, hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar, FSSAI, ta fitar da doka a 2020 ta hana sayar da kayan maiƙo da zaƙi da gishiri a makarantu da mita 50 kewaye da ƙofarsu, a 2025 hukumar makarantun sakandare ta CBSE ta ce makarantunta su kafa allunan da ke nuna yawan sugan da ke cikin lemo da kayan ciye-ciye. Duk suna da kyau, tsorona ɗaya ne, in aka yi ta wa'azin ƙiba a asembli ba a koya wa malamai yadda ake magana ba, duk idon aji kan yara biyu ko uku zai koma, a ƙara musu abin da yake damunsu. Akwai shirin lafiyar matasa na RKSK tun 2014 da asibitocin da aka ware musu, amma likitan ƙwaƙwalwa bai kai ɗaya ba ga kowane mutum dubu 100, na yara kuwa sai an tona. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin SEHER da ƙungiyar Sangath ta yi a makarantun gwamnati na gundumar Nalanda a Bihar, ya fito a Lancet a 2018. Ba su ba kowa magani ba, yanayin makarantar suka gyara, akwatin ƙorafi, ƙungiyar ɗalibai, dokar hana cin zali, mutumin da yaro zai iya zuwa ya yi magana da shi. Inda aka saka wani mutum na daban da aka horar, alamun damuwa da cin zali sun ragu sosai, inda aka ɗora wa malami aikin a kan nasa kuwa ba a ga canji ba. Ba a kan ƙiba aka yi shi ba, amma tunda tsokana ita ce babbar gadar da ke tsakanin ƙiba da damuwa, ni a nan nake ganin ya kamata a fara.

A asibiti in aka kawo irin yaron nan, ba a farawa da takardar hana cin abinci. Yaro mai ciwon damuwa ba shi da ƙarfin zuciyar bin tsari mai tsanani, zai yi kwana kaɗan ya karya, ya ƙara tsanar kansa, wasu 'yan matan kuma daga nan suke faɗawa yunwar ganganci ko ci a yi amai. Ana fara gyara barci, a cire waya daga gado, a samo motsin da yake so ko rawa ce ko badminton ko tafiya da babansa da yamma, don motsa jiki da kansa yana rage damuwa tun kafin kilo ɗaya ya sauka. Abinci kuma gidan gaba ɗaya ne zai canza, ba a dafa masa nasa daban ana cin soyayyar gurasa a gabansa ba. In yana kan girma sau da yawa burin ma ba rage kilo ba ne, nauyin ya tsaya tsayi ya kamo shi. A zauna da iyaye har da kaka a roƙe su su daina maganar jikinsa kwata-kwata. In ciwon ya yi nauyi sai a haɗa da zaman tattaunawa da masani, in ana buƙatar magani fluoxetine aka fi farawa da shi a matasa, a kuma sa ido sosai a makonnin farko.

Ga aikinki kuma ƙanwata, ki yi amfani da jadawalin IAP na 2015 ki faɗi dalili, ki auna ƙugu ban da BMI, in ƙugu ya wuce rabin tsayi ki rubuta. Takardar PHQ-9, wato tambayoyi tara na auna alamun damuwa, tana da fassarar Hindi da wasu harsunan ƙasar, amma ki rubuta alamun damuwa kika auna, kar ki ce kin gano ciwo, wannan sai likita ya zauna da yaro. Ki saka tambaya a kan yadda yaron yake ganin jikinsa, ko ana tsokanarsa kuma waye, a gida ko a makaranta, awa nawa yake barci, awa nawa a lesin, wane magani yake sha. Ki haɗa makarantar gwamnati da ta kuɗi. Ki guji Fabrairu da Maris lokacin babbar jarrabawa, makin kowa zai hau. Ki ba su takardar su cika kafin ki auna su, kuma awon a bayan labule, mace ta auna mata, kar a kira lambar kowa da ƙarfi.

Tambaya ta tara a PHQ-9 tana tambayar ko yaro yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa, kuma wasu za su amsa eh. Kafin ki raba takarda ko ɗaya ki zauna da malamarki da kwamitin ɗa'ar bincike ku rubuta wa zai duba takardun a ranar kafin yaran su tashi, wa zai zauna da yaron, yaya za a sanar da iyaye ba tare da an tona masa asiri a aji ba, wane asibiti za a tura shi. Layin Tele-MANAS na gwamnati da aka buɗe a Oktoban 2022, lamba 14416, kyauta ne kuma ana amsawa dare da rana da harsuna da yawa, ki buga shi a ƙasan kowace takarda. In kin tsara tambayoyin ki turo min in duba miki su kafin ki kai wa kwamitin.